Daga Soro Zuwa Gilashi: Tarihin Gobara da Kayan Gini a Fagge da Sabon Gari, Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Ibrahim Taiwo ko Titin Murtala Muhammad cikin Kano zai ga yadda fuskar gine-ginen ciniki ta sauya. Inda dā ake ganin kanti mai hawa ɗaya da baranda, yanzu bene ne mai hawa huɗu ko biyar, an lulluɓe gabansa da gilashi shuɗi ko kore tun daga ƙasa har sama. Mai gini yana son a hango hajarsa daga titi, mai haya kuma yana son haske. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba sa'ad da ake cinikin wannan gilashi, watau minti nawa zai iya tsayawa idan wuta ta tashi a bayansa.

Wannan lacca za ta bi tarihin unguwanni biyu, Fagge da Sabon Gari, domin a nuna yadda kowane sabon kayan gini da ya shigo ya zo da amfaninsa, ya kuma tafi da wata kariya da tsohon kayan yake bayarwa. Daga nan za a duba asalin gilashi mai jure wuta da ire-irensa, da abubuwan da ya kamata a lura da su wajen zaɓensa. Zancen ya shafi ɗalibai masu koyon zanen gini da injiniya, ya kuma shafi ma'aikatan gwamnati waɗanda sa hannunsu ne ke ba da izinin kafa harsashi.

Zamanin Ƙasa da Azara

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, cinikin Kano ya tattaru a Kasuwar Kurmi cikin ganuwa. Fagge kuwa fili ne a bayan ganuwa inda ayarin Azbinawa da sauran fatake suke sauke kaya, su ɗaure raƙuma, kafin su shiga birni. Da Bature Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya tarar da gari mai gauraye da soraye na ƙasa da ɗakunan ciyawa. Waɗannan iri biyu ba ɗaya suke ba a gaban wuta. Ɗakin ciyawa, musamman da hunturu sa'ad da iska ta bushe kome ya yi ƙayau, tartsatsi guda ya ishe shi. Saboda haka ne attajiri ba ya ajiye dukiyarsa sai cikin soro.

Hikimar maginan Hausa a nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ana yin bango da tubali, a yaɓe shi da ƙasa, ƙasansa ya fi samansa kauri. Ana yin rufi da azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba, sa'an nan a lulluɓe shi da ƙasa mai kauri daga sama. Taga ƙarama ce ƙwarai, wani lokaci ma ba ta wuce kafa ba. Ƙasa ba ta cin wuta, zafi kuma ba ya ratsa ta da sauri. Idan gobara ta kama kayan da ke cikin soro ɗaya, yawanci nan take ƙarewa, domin ba ta da isasshiyar iska, ba ta kuma da hanyar tsallakawa zuwa maƙwabci. Har ila yau kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, da filayen da ke tsakanin unguwanni, sun zama shamaki da kuma wurin ɗibar ruwa.

Abin da masana kashe gobara na zamani suke koyarwa ke nan da wasu kalmomi: a raba gini kashi-kashi, yadda wutar da ta tashi a kashi ɗaya za ta daɗe a tsare kafin ta kai na biyu. Maginan dā sun sami wannan a kyauta daga kayan da suke aiki da shi. Gilashi kuwa a wancan zamani kayan ado ne kawai, madubi da tsakiya da ake kawowa ta Sahara, da munduwar da Nufawan Bida suke narkawa. Babu wanda ya ɗora masa nauyin tsare gida.

Jirgin Ƙasa, Kwano da Siminti

Turawan Ingila sun ci Kano cikin Fabrairu 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka yi ta kwararowa. Cikin 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka shata masa tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna. 'Yan kasuwar Siriya da Labanan kuma aka ba su wuri a Fagge ta Kudu, inda suka kafa kantunan yadi waɗanda daga baya suka zama tushen Kasuwar Kantin Kwari. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa Sabon Gari ƙarƙashin hukumar Turawa kai tsaye, sai cikin 1940 aka mai da shi hannun En'e ta Kano.

Turawan mulki sun san haɗarin gobara sarai. Tsarin Gwamna Lugga ya tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma cikin dalilan da aka bayar, ban da sauro, har da tsoron wuta. Watau an yi shamaki domin a tsare Nasarawa, amma ba a yi irin wannan tanadi tsakanin gida da gida cikin Sabon Gari da Fagge ba, inda jama'a ke ta ƙaruwa a kan filin da ba ya ƙaruwa.

Jirgin da ya kwashi gyaɗa zuwa Ikko shi ne ya komo da kwanon rufi da siminti da katako da kananzir da gilashin taga. Kwano ya kawar da haɗarin ciyawa, wannan gaskiya ne. Amma a kan katako ake kafa shi, kuma idan aka jera shaguna goma ƙarƙashin rufi ɗaya, sararin da ke tsakanin silin da kwano yakan zama hanya buɗaɗɗiya wadda wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan ba tare da an gan ta ba. Bangon bulo ya fi na ƙasa siranta. Taga ta yi faɗi, aka sa mata gilashi, daga baya kuma aka gitta mata ƙarafa saboda ɓarayi, ƙarafan da ke hana ɓarawo shiga su ne kuma ke hana mai gida fita. Irin ginin da 'yan Labanan suka yawaita, kanti a ƙasa, mazauni a sama, shi ne ya fara ɗora mutane a bisa tarin kaya masu cin wuta.

Gobarar El-Duniya

Ran Lahadi 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a gidan siliman El-Duniya, wanda ke wannan yanki na bayan ganuwa. Cikin mutum wajen 600 da suke kallo, 331 suka rasu. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa wutar ta faro daga ɗakin da ake haska fim, ta bi silin ta mamaye zauren. Fim ɗin wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, wanda idan ya kama ba ya bukatar iskar waje domin ya ci gaba da ci, ruwa ma ba ya kashe shi da sauƙi. Tun 1909 dokar silima ta Ingila ta sa aka wajabta killace injin haska fim cikin ɗakin da wuta ba za ta iya fita daga cikinsa ba. Abin baƙin ciki kuma, a daidai shekarun nan ne kamfanonin fim suke daina yin irin wannan fim suna komawa ga wanda ba ya saurin kamawa.

Darasin El-Duniya shi ne darasin da dogon bene yake maimaitawa. Wuta ta tashi a ɗaki ƙarami. Abin da ya raba ɗakin da taron jama'a bai tsaya ba, hanyoyin fita kuma ba su ɗauki mutanen cikin 'yan mintocin da suka rage ba. Tsawon ran ɗan'adam a irin wannan hali ya rataya a kan abu biyu: daɗewar shamaki, da saurin fita. Duk zancen gilashi mai jure wuta a kan na farkon yake.

Arzikin Mai da Hawan Benaye

Cikin farkon shekarun 1960 aka ɗora wa B. A. W. Trevallion aikin tsara yadda Kano za ta bunƙasa cikin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Amma garin ya riga tsarin gudu. An ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, kuɗin mai ya shigo bayan 1973, dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 kuma suka taimaka wajen komawar kantuna da yawa na Fagge hannun 'yan kasuwar gida. Gidajen kwana suka koma shaguna, aka datsa ɗaki ɗaya ya zama uku, aka kafa rumfuna a kan hanyoyin da aka bari domin wucewa. Da fili ya ƙare sai aka fuskanci sama. Kayan da ake tarawa su ma suka sauya: yadin roba, katifar soso, takalman roba, fenti, turare, ga kuma janareta da jarkar fetur a bakin kowace matakala saboda rashin tsayayyiyar wutar lantarki.

Sakamakon haka sananne ne. Cikin Maris 2010 gobara ta yi ɓarna mai yawa a Kantin Kwari. Cikin Fabrairu 2016 ta auka wa Kasuwar Singa. Ran 26 ga Maris na wannan shekara kuma, da tsakar dare, ta kama Kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta cinye shaguna kimanin 3,800. Waɗannan gobara ce ta shimfiɗe, wadda ke tafiya a kwance, shi ya sa asararta ta fi yawa a dukiya. Gobarar dogon bene kuwa a tsaye take tafiya, hayaƙinta yana gaba, mutane suna samanta.

Nijeriya ta riga ta ɗanɗana irin wannan. Cikin Janairu 1983 benen hukumar sadarwa ta NET a Ikko, mai hawa fiye da 30, ya kama wuta. Cikin Janairu 1985 aka yi ta Gidan Koko na Badun, mai hawa 26, wanda ya yi shekaru a rufe kafin a gyara shi. Ran 16 ga Satumba 2025 wuta ta tashi a ɗakin na'urorin ajiye lantarki da ke ƙarƙashin benen Afriland a Ikko, hayaƙi ya cika hawan sama, mutum 10 suka rasu. A ƙasashen waje ma haka: benen Joelma a Sawo Fawulo ta Barazil ya ƙone ran 1 ga Fabrairu 1974, mutum fiye da 170 suka mutu, asalin wutar kuwa na'urar sanyaya ɗaki ce a hawa na 12. Cikin Mayu 1988 gobarar benen bankin First Interstate a Los Anjalis ta Amurka ta hau daga hawa na 12 zuwa na 16, tana fasa gilashin waje tana lasar hawan da ke sama, tana kuma bi ta ratar da ke tsakanin bangon gilashi da bakin daɓen kankare. Tsanin motar 'yan kwana-kwana da aka saba gani bai cika wuce mita 30 ba. Abin da ya haura wannan, dole ginin ya tsare kansa da kansa. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Halin Gilashi Cikin Wuta

Gilashin taga da aka sani da yashi da kanwar masana'anta da farar ƙasa ake yinsa. Tun 1959, sa'ad da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, ya yi araha ya kuma yi faɗi, har ya yiwu a rufe bene da shi. Gilashi ba ya cin wuta, wannan ne ke ruɗin mutane. Illarsa ita ce, idan tsakiyarsa ta yi zafi ta buɗe alhali gefen da ke cikin firam yana da sanyi, bambancin digiri 40 kacal na iya tsaga shi. Cikin mintocin farko na gobara yakan fashe ya zube. Da zarar ya zube, iska ta sami ƙofar shiga, harshen wuta ya sami ta fita.

Akwai iri uku da ake yawan ɗauka cewa suna jure wuta alhali ba domin haka aka yi su ba. Na farko gilashin da aka gasa aka sanyaya da sauri domin ya yi tauri; ya fi na kullum ƙarfi ninki huɗu ko biyar, amma idan zafi ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya yake rugujewa ya zama tsakuwa. Na biyu mai falle biyu da roba a tsakani, irin na gaban mota; robar narkewa take yi. Na uku mai launi ko mai ƙyalli, wanda aikinsa rage zafin rana ne kurum.

Neman gilashin da zai tsaya ya faro ne bayan manyan gobarar biranen Turai da Amurka, irin ta Shikago cikin 1871. Cikin 1892 wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya yi rajistar dabarar nutsa ragar waya cikin gilashi tun yana narke. Irin wannan yakan tsage, amma wayar ta riƙe gutsattsarin a wurinsu. Ya yi kusan ƙarni guda shi ne abin dogara a makarantu da asibitoci da masana'antu. Daga baya aka gane cewa wayar raunana shi take yi, kuma idan mutum ya auka masa yakan yi mummunan rauni, har dokokin gini na Amurka suka taƙaita amfani da shi tun daga 2003. A Jamus, Otto Schott na garin Jena ya samar da gilashi mai sinadarin boron a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ba ya buɗewa sosai da zafi. Cikin 1953 Donald Stookey na kamfanin Corning ya gano gilashin da ya rikiɗe ya zama kamar tangaran, wanda kusan ba ya motsi kome zafi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 kuma aka fito da iri mafi ƙarfi: falle-fallen gilashi da wani sinadari mai ruwa-ruwa a tsakaninsu, garau kamar babu kome. Idan wuta ta taɓa shi, fallen farko ya tsage, sinadarin ya kumbura ya zama farin kumfa mai tauri, ya tare zafi, sa'an nan na bayansa ya karɓa.

Ana gwada waɗannan a tanderu bisa ƙa'ida guda da duniya ta amince da ita. Zafin tanderun yana kai digiri 678 a minti 10, digiri 842 a minti 30, digiri 945 a awa ɗaya, digiri 1,049 a awa biyu. Bisa tsarin Turai ana ba da daraja uku. Harafin E na nufin gilashin ya hana harshen wuta da iska mai zafi wucewa, amma zafi na ratsa shi. EW na nufin ya kuma rage hucin da ke fitowa zuwa wani iyaka. EI na nufin ya tare zafin kansa, yadda matsakaicin ƙarin zafin fuskar da ke bayan wuta ba zai haura digiri 140 ba. Lambar da ke biye ita ce yawan mintoci, kamar EI 30 ko EI 60. A Amurka ana ƙara wani gwaji, a fesa wa gilashin ruwa da ƙarfi bayan an fito da shi daga tanderu.

Abin Lura Wajen Zaɓi

Ba kowane gilashi na bene ne ake bukatar ya jure wuta ba, kuɗin ma ba zai yiwu ba. Abin da ake bukata shi ne a san wuraren da shamaki ya wajaba, a kashe kuɗin a can.

Wuri na farko shi ne matakala da barandar da ke kai wa gare ta. Idan an sa gilashi a bangon matakala ko ƙofarta, darajar EI ce ta dace, domin gilashin E yana iya tsayawa daram alhali hucin da ke ratsa shi ya hana mutum giftawa. Wannan batu ya fi nauyi a Kantin Kwari, inda ake jingina dilar atamfa da shadda a jikin kowane bango: huci kaɗai ya isa ya kunna yadi a ɗaya gefen ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Wuri na biyu shi ne abin da ya raba ɗakin janareta ko na batura ko ma'ajiyar kaya da inda jama'a suke. Na uku shi ne bangon waje da ke fuskantar maƙwabci a lungu mai ƙunci, kamar yadda yawancin filayen Fagge da Sabon Gari suke. Na huɗu shi ne ɗamarar da ke tsakanin hawa da hawa a bangon gilashi, tare da ratar da ke bayanta, wadda dole a cushe ta da abin da ba ya cin wuta.

Sa'an nan a sani cewa ba gilashi kaɗai ake gwadawa ba. Ana gwada shi tare da firam ɗinsa da abin liƙa shi da girman da aka yanka shi. Alminiyon, wanda shi ne ya cika kasuwa, yana narkewa a digiri 660, zafin da tanderun gwaji ke wucewa kafin minti goma. Wanda ya sayi gilashin minti 60 ya sa shi cikin firam na alminiyon irin na kullum ya yi asarar kuɗinsa. Firam na ƙarfe ko wani wanda aka gwada tare da gilashin shi ne abin nema.

Yanayin Kano ma yana da nasa hukunci. Gilashi mai sinadari a tsakani ba ya son zafin da ya daɗe sama da digiri 50, ba ya son hasken rana kai tsaye, ba ya kuma son ruwa ya shiga gefensa. A garin da zafin inuwa ke kai digiri 40 cikin Afrilu, gilashin da ke fuskantar yamma yana iya wuce wannan iyaka, ya yi hazo ko ƙuraje. Idan za a sa shi a waje, sai a nemi wanda aka yi domin waje, a haɗa shi da fallen da ke tare rana. Haka kuma bai kamata a bar shi a rana cikin kwantena ko a filin gini ba. Nauyinsa ma abin lissafi ne: gilashin kullum mai kaurin milimita 6 kilo 15 ne a kowace murabba'in mita, na EI 60 kuwa kaurinsa ya haura milimita 20, nauyinsa ya haura kilo 50. Mafi yawansa ba a yanka shi a wurin gini, sai a aika da awo a yi shi daidai. Ashe ke nan shawararsa tun a takardar zane ake yanke ta, tun ran gini tun ran zane.

Abu na ƙarshe shi ne shaida. Da ido ba a rarrabe gilashi mai jure wuta da wanda ba ya jurewa. Na gaskiya yana ɗauke da tambari marar gogewa a kusurwar kowane falle, mai nuna sunan masana'anta da darajarsa, yana kuma da takardar gwaji daga ɗakin gwajin da aka amince da shi. Jami'in da ya je duba gini ya kamata ya karanta tambarin, ya gwada shi da takardar, ya gwada takardar da zanen da aka ba izini. A nan ne ɗan kwangila marar tsoron Allah yake samun kafar musanya mai tsada da mai araha, araha kuwa ba ta ado.

Kammalawa

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar hukumar kashe gobara ta 1963, akwai hukumar kula da ingancin kayayyaki da aka kafa cikin 1971, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, ga kuma hukumar tsara birane ta Jihar Kano, watau KNUPDA, da hukumar kwana-kwana ta jiha. Bayan gobarar 1666 mutanen Landan sun yi doka cikin 1667 cewa da bulo ko dutse za a sake gina birnin, suka kuma naɗa masu duba cewa an bi ta. Naɗin masu dubawar ne ya sa dokar ta yi aiki.

Gilashi mai jure wuta ba ya hana gobara tashi, ba ya kuma maye gurbin wayar lantarki mai kyau, da matakala biyu, da na'urar gargaɗi, da tankin ruwa, da hanyar da motar kwana-kwana za ta bi. Abin da yake sayo wa mutane shi ne lokaci, minti 30 ko 60, irin lokacin da bangon ƙasa yake bayarwa a dā ba tare da an biya ba, irin wanda kuma mutanen El-Duniya ba su samu ba. Benayen da ake kafawa yau a Fagge da Sabon Gari za su yi shekara hamsin ko fiye a tsaye, cike da 'yan kasuwa da yaransu da masu saye daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ɗalibin da zai zana su da jami'in da zai sa musu hannu suna da ikon tambayar abu uku kafin a ɗora falle ko ɗaya: wace daraja ce, minti nawa ne, ina kuma takardar gwajin.